Kafin a zuba kifi a sabon tanki

A cikin birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Ƙofar Doka, ba wuya ka tarar da tankin roba ko kwarmin siminti a tsakar gida, ana kiwon tarwada. Sau da yawa asarar farko daga ruwa take zuwa.

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su juya shi zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su; kafin su yawaita sai an yi makonni 4 zuwa 6, a sanyin hunturu ma fiye. Mai gaggawar cika tanki da 'ya'yan kifi ranar farko, da kuɗinsa yake caca.

Sabon siminti yana sakin sinadari mai ƙona kifi, sai an jiƙa kwarmin kwanaki ana zubarwa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe, kilorin ya fita. A fara da kifi kaɗan, a rage abinci, a riƙa sauya rubu'in ruwan duk mako.