Yadda za ku ce "na zo" da Faransanci

Tun da aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo a 2013, tambayar da muka fi fassarawa a ofishin kariya ita ce: "Yaushe kuka zo, kuma da wa kuka zo?" A ofis muna nan, za mu fassara muku. Amma a shingen jandarmomi na hanyar Marwa zuwa Garuwa, ko a asibiti, ba kullum ake samun tafinta ba. Shi ya sa muka kawo muku kalma ɗaya, venir, wato zuwa.

Idan abin ya riga ya wuce, Faransanci yana haɗa kalma biyu. Ga su, da yadda ake furtawa:

Je suis venu (ja swi vanu): na zo
Il est venu (il e vanu): ya zo
Elle est venue (el e vanu): ta zo
Nous sommes venus (nu som vanu): mun zo
Vous êtes venus (vu zet vanu): kun zo
Ils sont venus (il son vanu): sun zo

Kun ga "vanu" ba ta canzawa a baki. A rubuce ne kawai ake ƙara e ga mace, s ga mutane da yawa.

Idan jami'i ya ce "Vous êtes venus quand?", yana tambayar yaushe kuka zo. Ku amsa da shekarar, misali "Nous sommes venus en 2014". In lambar ta yi wuyar faɗa, ku rubuta ta ko ku nuna takardarku.

A kula da wannan: "je viens d'arriver" ma'anarsa yanzu na iso. Wanda ya shekara da rajista, in ya faɗi haka, ana iya ɗaukarsa sabon zuwa.

Mafi muhimmanci shi ne "bai zo ba": il n'est pas venu (il ne pa vanu). Ga mace, elle n'est pas venue. Uwar da ta rabu da ɗanta a hanya ta ce "Mon fils n'est pas venu", ɗana bai zo ba. Da wannan maganar ake fara neman dangin da suka ɓace.

In ba ku gane tambaya ba, kada ku ce "oui" don kunya. Ku nemi tafinta, kuma kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya haɗa kowa da nasa.