Hatsi da wake a gona ɗaya: aikin da ake yi ƙarƙashin ƙasa a Damargu

Tun kaka da kakanni manomin Damargu yake haɗa hatsi da wake a gona ɗaya. Daga Tanut zuwa Gangara da Olelewa, har Belbeji wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, dalilin da ake bayarwa ɗaya ne: in damina ta hana wannan, wataƙila ta bar wancan. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba zai raina wannan dabara ba. Amma akwai wani amfani da ido ba ya gani, domin a cikin ƙasa yake.

Idan aka tone gindin wake a hankali lokacin da ya fara fure, za a tarar da ƴan ƙuraje manne da saiwarsa. Waɗansu na zaton cuta ce. Ba cuta ba ce. Ɗakuna ne na waɗansu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, irin da masana suka raɗa wa suna rizobiyom. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888. Waken yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ke haɗawa, su kuwa suna kamo azot daga iska su mayar da shi abincin shuka. Azot shi ne abin da manomi ke saye da tsada a buhun takin zamani, alhali kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa azot ne. Sai dai hatsi ba shi da hanyar cin sa daga can.

A fasa ƙurji ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ma'aikatan suna bakin aiki. In fari ne ko kore, ba abin da ake samu.

Zaman hatsi kusa da wake yana ƙara wa aikin ƙarfi. Hatsi yakan riga shanye ɗan azot da ke cikin jigawa, sai wake ya koma dogaro da bakteriyarsa. Amma kada a yi wa manomi alkawarin da ba zai cika ba: abin da hatsin bana ke samu daga waken da ke gefensa kaɗan ne. Yawancin ribar ta baɗi ce, bayan saiwa da ƙuraje da ganyen da ya zuba sun ruɓe.

A nan ne matsalar take. Harawa tana da kuɗi a ƙasar makiyaya, kuma ba wanda zai ga laifin magidancin da ya sayar da ita. To, amma yawancin azot ɗin yana cikin ganye da ƙwaya. In aka tumɓuke wake har saiwa, aka kai harawa kasuwa, gonar ba ta ga komai ba. Yanke shi daga gindi ya fi. Haka kuma mayar da kashin dabbar da ta ci harawar cikin gonar.

Bakteriyar ma tana da tata bukata. Binciken cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, da na ICRISAT a Sadore ya nuna jigawar Nijar tana fama da ƙarancin fosfor, kuma in babu shi ƙurajen ba sa yawa. Shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar tsunkulin taki, giram 2 na DAP ko giram 6 na NPK a kowane ramin shuka, tare da irin wake mai saurin nuna kamar TN5-78, da barin tazara don kada inuwar hatsi ta danne waken.