Ko Kun Sani?

Babban tankin ruwa da za a kai Safo, a jihar Maraɗi, yakan wahalar da direba saboda faɗinsa da tsayinsa fiye da nauyinsa, tun da wayam ake ɗauko shi. Dokar UEMOA ta 2005, wato ƙa'idar sufuri ta ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma, ta ƙayyade faɗin mota a mita 2.55, kuma abin da ya zarce haka sai da izini na musamman. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta gadar Gaya da Doso, tafiyar ta haura kilomita 1,300, shi ya sa akan kawo manyan tankuna a falle-fallen ƙarfe, a harhaɗa su a inda za a kafa su.