Zaɓen Ƙaramar Tarakta Domin Sassabe da Kula da Gona

Malam manomi, kafin ka zuba kuɗinka a kan tarakta, fara tantance aikin da za ta yi maka. Ƙaramar tarakta, mai ƙarfin doki 25 zuwa 45, tana yanke tofa da gamba da ƙananan sabara da kalgo, tana yin haro, tana jan tirela. Amma ba katafila ba ce. Ba a ƙera ta domin tuge kututture ko kayar da bishiya ba.

Fara da kayan aikin

Injin sassabe shi ne wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta, wuƙaƙensa na juyawa suna sare ciyawa. Yana samun ƙarfi daga sandar da bakanikai ke kira PTO, wadda ke juyawa sau 540 a minti ɗaya. Injin mai faɗin mita 1.5 yana bukatar ƙarfin doki kusan 25 zuwa 30 a kan wannan sanda. Ka lura, ƙarfin da ke isa sandar bai kai wanda aka rubuta wa injin taraktar ba, don haka ka tambayi dillali adadin biyu.

Dubi ƙasarka

A jigawa mai shimfiɗe, tarakta mai ja da ƙafa biyu ta wadatar. A fadama, ko ƙasar laka, ko gangare, nemi mai ja da ƙafa huɗu. Kafin ta shiga gona, a zagaya da ƙafa, a kafa alama a kan kututture da suri da duwatsu, domin su ne ke karya wuƙa da fasa taya. A tone kututturen da gatari da diga.

Kayan gyara

Taraktar da babu kayan gyaranta a kusa asara ce, ko da an saye ta da araha, domin damina ba ta jiran kowa. Tabbatar akwai matatar mai da ta iska, da bakaniken da ya san irinta. Cibiyar NCAM da ke Ilorin tana gwada taraktoci da injunan noma, kuma malamin gona zai iya nema maka shawararta.

Kiyaye rai

Zaɓi mai ƙarfen kariya a saman kujera, kuma direba ya ɗaura bel. Kada a ɗaura sarƙa sama da ƙarfen ja, domin tarakta na iya miƙewa ta kife baya a kan direba. Kada a kusanci sandar PTO da babbar riga ko rawani, kuma a kori yara nesa, domin wuƙaƙe na cilla duwatsu.

Idan gonarka ba ta da yawa, haɗa kai da 'yan ƙungiyarku ku saya tare, ko ku ɗauki haya.