Kashin Maƙera Zai Iya Zama Taki A Gonakin Kauru

Duk manomin da ya taɓa ganin masararsa ta tsumbure, gefen ganyenta ya rine ya yi jaja-jaja, to ya ga alamar yunwar da ƙasa take fama da ita. A ƙasar Kauru, inda ake noman masara da shinkafa da dawa, wannan ba baƙon abu ba ne. Masana aikin gona na Samaru, Zariya, sun daɗe da tabbatar da cewa yawancin ƙasar noma ta Arewa tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda yake ƙarfafa saiwa, ya cika ƙwaya. Yawan ruwan sama da zuba yuriya shekara da shekaru kuma sukan sa ƙasa ta yi tsami, ta riƙe ɗan abin da yake cikinta, ta hana shuka.

Abin mamaki, wannan sinadari da manomi yake nema shi ne maƙeri yake gudu, domin yakan sa ƙarfe ya riƙa karyewa. A shekarar 1878 wani akawun kotu ɗan Ingila, Sidney Gilchrist Thomas, ya bayyana dabarar da suka gano shi da ɗan uwansa Percy Gilchrist, ta zuba farar ƙasa cikin tukunyar narka ƙarfe. Farar ƙasar takan janye fosfaras ɗin zuwa cikin dattin da yake tasowa sama, irin wanda mu Hausawa muke kira kashin maƙera. Da aka niƙa shi ya zama gari, sai manoman Jamus suka iske shi taki ne na ƙwarai, yana ciyar da shuka, yana kuma kashe tsamin ƙasa.

Mu ma nan Nijeriya Allah bai hana mu ba. Tamar da take jibge a Agbaja, cikin Jihar Kogi, an daɗe ana kauce mata saboda yawan fosfaras, alhali masana'antar takin supa da aka buɗe a Kaduna a 1976 daga Togo aka riƙa kawo mata dutsen da take sarrafawa. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuwa, wadda aka soma ginawa a 1979, har yau ba ta narka tama ba.

Sai dai a yi hattara, ba kowane kashin ƙarfe ne taki ba. Wanda yake fitowa daga narka tsofaffin ƙarafa fosfaras ɗinsa kaɗan ne, kuma yana iya ɗauke da guba, don haka kada manomi ya zuba shi a gona sai malaman gona sun auna. Abin da ya rage ga hukuma shi ne, duk ranar da za a zauna shawarar narka tamar Agbaja, a tuna da manomin Kauru, a sa masu binciken aikin gona cikin zaman tun daga farko.