Ɗakin Karatu a Aljihun Fasto: Karanta Wikipedia Ba Tare da Intanet Ba

Mai hidima a karkarar Haɗeja ya san abin da damina take yi. A shekarar 2020 da ta 2022 kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shiga garuruwa da gonaki a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasama da Guri. In hanya ta yanke, fasto ba ya iya zuwa birni neman littafi. Littattafan da ke gidansa ma suna cikin haɗarin jiƙewa, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Duk da haka ranar Lahadi ba ta jira, dole a shirya wa'azi. Manzo Bulus kansa ya bukaci Timoti ya kawo masa littattafansa (2 Timoti 4:13), saboda bawan Allah ba ya rabuwa da karatu.

Akwai manhaja ta kyauta mai suna Kiwix, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007. Aikinta shi ne buɗe wani irin fayil da ake kira ZIM. A cikin fayil ɗaya ana tattara maƙaloli dubbai, a matse su kamar yadda ake danne auduga a buhu, sannan a haɗa musu fihirisa. Idan ka rubuta kalmar da kake nema, manhajar tana duba fihirisar ta buɗe ɓangaren da maƙalar take kawai, sauran su zauna a matse. Shi ya sa waya mai Android ko kwamfuta mai sauƙin kuɗi za ta iya ɗaukar aikin ba tare da data ba.

Fayilolin Wikipedia iri uku ne. Wanda aka rubuta "maxi" a sunansa yana da cikakkun maƙaloli da hotuna, "nopic" ba shi da hotuna, "mini" kuma gabatarwar kowace maƙala ce kaɗai. Cikakken na Turanci mai hotuna ya kai wajen gigabait 100, na Hausa kuwa ƙarami ne ƙwarai, kowace waya za ta ɗauke shi. Ban da Wikipedia akwai ƙamus ɗin Wiktionary da tsofaffin littattafan Project Gutenberg.

Mutum ɗaya ya isa ya sauke fayil a inda intanet ke da ƙarfi, kamar Kano ko Dutse, sauran su kwafa ta katin memori ko filashi. Wannan ba satar fasaha ba ce, domin lasisin Wikipedia ya yarda a kwafa a raba. A lura dai, katin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Da wannan ɗalibin tauhidi zai iya duba Majalisar Nikiya ta 325, ko ta Kalsidon ta 451, ko tarihin Samuel Ajayi Crowther wanda aka naɗa bishop a 1864, ko inda Koranti da Afisa suke a taswira, yana zaune a ƙauyensa.

Amma akwai abu biyu da za a kiyaye. Na farko, fayil ɗin hoto ne na ranar da aka haɗa shi, kuma shekara da watan suna rubuce a ƙarshen sunansa. Gyaran da aka yi bayan wannan rana ba zai iso wayarka ba sai ka sauke sabo. Na biyu, masu sa kai ne suke rubuta Wikipedia, daga addinai da ra'ayoyi dabam-dabam. Maƙala a kan Triniti ko baftisma tana bayyana abin da ɓangarori suke faɗa ne, ba ta tsaya a matsayin koyarwar ikkilisiyarka ba. In ba intanet, ba za ka iya bin madogaran da ke ƙasan maƙala ka tabbatar ba.

Saboda haka mu ɗauki halin mutanen Biriya, waɗanda suka riƙa gwada abin da suka ji da Nassosi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Yi amfani da Kiwix wajen shekaru, wurare da sunaye. Abin da za ka hau bagade ka koyar kuwa, ka auna shi da Littafi Mai Tsarki da littattafan da makaranta ta amince da su. Kowace gunduma ta zaɓi mutum ɗaya da zai sabunta fayilolin ya raba wa fastoci kafin ruwan farko ya sauka.