"Ina Ke Maka Ciwo?": Yadda Likita Ke Gano Cuta Daga Bakin Majiyyaci

A kan titin Zariya, a unguwar Gyadi-Gyadi ta ƙaramar hukumar Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988. A nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon wani babban darasi: babu na'urar da ke auna zafin ciwo, sai an tambayi mai shi.

Shi ya sa likita ke jero tambayoyi. A ina yake? Yaushe ya fara? Suka yake yi, ko zugi, ko murɗawa? Yana tafiya wani wuri? Me ke tsananta shi? Sannan ya ce ka ba ciwon maki daga 0 zuwa 10. Kowace amsa tana kawar da zargin wata cuta, ta ƙarfafa na wata.

Ga misali: ciwon cikin da ya fara a cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangara gefen dama na mara, ga zazzaɓi da amai, yakan sa likita tunanin afendis, wanda sau da yawa sai an yi tiyata cikin gaggawa. Haka mai sikila: ciwon ƙashi ba baƙo ba ne a wurinsa, amma in ya haɗu da ciwon ƙirji, zazzaɓi da wahalar numfashi, alama ce ta haɗari ga huhu, ba a kwana da ita a gida.

Bayan gano cuta, sai zaɓen magani. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsari mai hawa uku: farasitamol da makamantansa, sai matsakaita irin su kodin, sai masu ƙarfi irin su mofin. A Kano zaɓin na buƙatar natsuwa, domin shaye-shaye ya sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Likita nagari ba ya ɗaukar duk matashin da ke kukan ciwo a matsayin ɗan shaye-shaye, ba ya kuma rubuta magani mai ƙarfi ba tare da bincike ba.

To ɗalibai, naku aikin shi ne bayani dalla-dalla. In kun sha wani abu daga kemis kafin zuwa asibiti, ku faɗi sunansa da yawansa, domin yawan shan diklofenak da ibufurofen na iya jawo gyambon ciki, ya kuma taɓa ƙoda.